Sukurori sun kafe a jikin sandar jirgin ruwa, masu ƙarfe ku matso

Sani Mai Janareta, Legas: Assalamu alaikum 'yan zaure. Maigidana ya sayi tsohon jirgin ruwa irin mai tafiya da iska, ƙirar Faransa, tsawonsa wajen mita 9, jikinsa faiba ne. Ni sana'ata janareta da wayarin, amma da yake ni ke duba masa injin, sai ya ce in haɗa da canza ƙarafan saman jirgin: ƙahonnin da ake ɗaure igiya, da sandunan shingen gefe, da wincin jan igiya. To ga inda gizo ke saƙar. Doguwar sandar tsakiya mai riƙe da ƙyallen iska ta alminiyam ce, sukurorin da ke jikinta kuma sitenles ne, sun ƙi motsi sam. Wani farin gari ya feso a gefen kowanne kamar kanwa. Na fesa man kwance noti, ko gezau. Guda biyu ma kansu ya fara cinyewa. Ina mafita?

Baban Walda, Kaduna: Wa alaikumus salam. Wuta, yaro. Sa masa gas har ya yi ja, ka bari ya huce, ka damƙe shi da filaya mai kulle. In kan ya gutsure, ɗora noti a kai ka ɗiga walda a tsakiya, ka kwance da sufana. An gama.

Idi Bakanike: Ko ka zuba man birki ya kwana. Mu da shi muke kwance notin salansa.

Injiniya Hauwa, Southampton: Sani, don Allah ajiye gas ɗin nan tukuna. Baba, a yi min haƙuri, shawararka daidai take a kan baƙin ƙarfe, amma nan wani abu ne daban. Farin garin da yake gani ba tsatsa ba ce, alminiyam ɗin ne da kansa ya cinye. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu kuma ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, sun zama batir ke nan: ɗaya yana zaune lafiya, ɗayan yana narkewa a hankali. Tsakanin sitenles da alminiyam, alminiyam ne ke biyan bashin. Garin da yake zama ya fi ƙarfen asali cin wuri, sai ya cika zaren sukurun ya matse shi ta ko'ina. Shi ya sa mai ba ya ratsawa, babu hanyar da zai bi.

Sannan alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke. Kana jiran ka ga launi, sai dai ka ga rami. Idi, man birki kuma yana cin fenti, a kan jirgin mutane ba na so ya ɗiga ko kaɗan.

Baban Walda, Kaduna: Hajiya Injiniya, tun kafin a haife ki nake gasa kan injin babur, shi ma alminiyam ne. Bai taɓa narke min ba.

Dokta Bello, Zariya: Baba da Injiniya duk kuna da gaskiya, wurin ne ya bambanta. Alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyos, kuma hannun da ya saba irin na Baba ba zai kai shi can ba. Amma haɗarin yana zuwa tun kafin narkewa. Sandar jirgi gaurayen alminiyam ce da aka gasa a masana'anta don ta yi ƙarfi, irin su 6061-T6. Da zarar zafi ya haura digiri 200 ya ɗan jima, ƙarfin nan ya fara zubewa, kuma ido ba ya gani. Kan injin babur dunƙulallen ƙarfe ne mai kauri, yana shanye zafi. Sandar jirgi bututu ce, kaurin bangonta a jirgi mai wannan girma 'yan milimitoci ne, kuma ita ke ɗauke da duk ƙarfin iska.

Zafi kaɗan kuwa yana taimakawa sosai, domin alminiyam ya fi sitenles buɗewa idan ya ji zafi, kusan 23 ne a kan 16. Wato ramin yana faɗaɗa fiye da sukurun, sai garin ya tsage.

Baban Walda, Kaduna: To ai wutar dai na ce.

Dokta Bello, Zariya: Ka ce har ya yi ja, Baba. Wannan gurbin kaɗai muka cire.

Usman Bahar, Bur Sudan: Salam ya jama'a. Ni a Bahar Maliya nake aikin jiragen masu nutso da na 'yan yawon duniya da ke tsayawa nan kafin su nufi Suwez. Ruwanmu ya fi na yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita, na babban teku kuwa 35. Saboda haka wannan ciwon abincinmu ne na kullum. Sani, ga yadda muke yi.

Ka fara da tafasasshen ruwa, a buta, ka riƙa tsiyayawa a kan sukurun. Yana narkar da gishirin da ya daskare, yana kuma ba ka zafin da Dokta ya faɗa ba tare da ka wuce digiri 100 ba. Bayan haka ka jiƙa tsumma da binega ka naɗe wurin ya kwana. Washegari ka kankare ramin kan sukurun da allura har ƙasa, don fenti da gishiri kan cika shi, bakin sukudireba ya kasa zama. Sai ka ɗauko impak na hannu, wanda ake dukansa da guduma, irin na masu gyaran babur. Duka ɗaya yana yin aiki biyu, yana danna baki ciki, yana murɗawa. Ka fara ɗan matsa shi ta wajen ɗaurewa kafin ka juya ta wajen kwancewa. In ya motsa ko yaya, kar ka yi zalama. Gaba kaɗan, baya kaɗan, kana ɗiga mai, yanzu man ya sami hanya.

Abu ɗaya: kar ka yi wa sandar dukan kawo wuƙa, bango ne siriri, yana lotsawa.

Injiniya Hauwa, Southampton: Malam Usman ya gama magana. Ƙari ɗaya, Sani, duba kan sukurun da kyau. In ka ga wasu ƙananan layuka huɗu a tsakanin hannuwan kuros ɗin, Pozidriv ne, ba Phillips ba. Kayan Turai sun cika zuwa da shi. Bakin Phillips yana shiga ciki amma ba ya zama daram, yana zamewa yana cin kan. Ina kyautata zaton abin da ya cinye maka biyun nan ke nan. Ka kuma shafa ɗan man goge bawul a bakin, yashin da ke ciki yana sa ya kama.

Sani Mai Janareta, Legas: Wallahi layukan suna nan, Injiniya. Bari in nemo bakin da ya dace.

Alhaji Ɗanyauri: Mu dai namu jiragen na katako ne da ƙusa, a ruwan Neja, ba gishiri ba sitenles. Ina karatu ne kawai. Amma ina tambaya, ruwan Legas ɗin ai ba teku ba ne sosai ko?

Sani Mai Janareta, Legas: Alhaji, gauraye ne. Da damina ruwan koguna yana rinjaye, da rani gishiri ya dawo. Kuma suna fita da shi ta wajen Tarkwa Bay, can kam teku ne. Iskar ma kanta gishiri ce, ko ƙofar ƙarfe ka kafa a unguwannin bakin ruwa za ka gani.

Sani Mai Janareta, Legas: Jama'a ga rahoto. Ruwan zafi da impak sun yi aiki, yawancinsu sun fito, Allah ya saka. Masu cinyayyen kai na tsaga musu sabon layi da ƙaramin zarto, ɗaya ya fito da sukudireba mai faɗi. Ɗayan ya karye daidai da fatar sandar. Wani a nan ya ba ni abin zaro karyayyen sukuru, mai zaren hagu, wai in huda in murɗa shi ciki. In gwada?

Usman Bahar, Bur Sudan: A'a.

Baban Walda, Kaduna: A nan kam ni da Bahar bakinmu ɗaya. Sukurun da kansa ya karye don ya ƙi juyawa, wannan ɗan tsinken ne zai juya shi? Ƙarfensa ya fi bakin dirila tauri, kuma ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Ranar da ya karye a ciki ka sayi wahala da kuɗinka, don ba abin da zai huda shi cikin kayan aikinka.

Mallam Awudu, Tema: Ina gaisuwa daga Gana. In abin zarowar ya karye a ciki akwai dabara, alif na tace ruwa. A narka shi a ruwan zafi a jiƙa wurin, yana cinye ƙarfen ya bar alminiyam.

Dokta Bello, Zariya: Dabarar gaskiya ce, Mallam Awudu, masu gyaran agogo ma sun san ta. Amma baƙin ƙarfe take ci, sitenles kuwa ba ta yi masa wani abin kirki, kuma tana son a tsoma abin cikin ruwan da zafinsa na tsawon lokaci. Yaya za a tsoma sandar da ta fi mita 10? Gara dai kar a karya.

Injiniya Hauwa, Southampton: Hudawa za ka yi, Sani, kuma a nan ne aikin ke son natsuwa. Sitenles mai tauri ne, alminiyam da ke kewaye da shi mai laushi, don haka bakin dirila kullum neman zamewa yake ya faɗa gefe. Ka goge saman karyayyen ya yi lebur, ka buga masa ɗigo a tsakiya cif da fanci. In da hali ka huda wani guntun ƙarfe mai kauri ka ɗaure shi a kai ya zame maka jagora. Ka nemi bakin dirila na kobal, mai jure zafi. Fara da siriri, milimita 2.5 ko 3.

Sirrin sitenles: gudu kaɗan, dannawa da ƙarfi, mai a kai a kai. In ka saki dirila tana ta gudu tana shafar saman ba ta ci, wurin zai yi zafi ya ƙara tauri, daga nan sabon baki ma sai ya ƙone. In kana ganin ƙarfe na fita a murɗe, kana kan hanya. In hayaƙi kake gani da gari, tsaya. In ka sami baki mai juyin hagu ya fi, sau da yawa yana cikin ci sai ya kama guntun ya fito da shi.

In sukurun M6 ne, wato mai kaurin milimita 6, ka tsaya a milimita 5, sai ka tsince ragowar zaren da allura ka bi da taf, abin yanka zare a rami. In ramin ya lalace, ka haura M8, hudarsa milimita 6.8.

Idi Bakanike: Me zai hana ya sa Helicoil, murɗaɗɗiyar wayar nan da ake zurawa a rami ta zama sabon zare? Mu da shi muke ceto ramin fulogi.

Injiniya Hauwa, Southampton: A wuri mai kauri kamar gindin winci ko ƙarfen ƙasan sanda, yana da kyau ƙwarai. A bangon sandar kuwa naman bai isa ya riƙe shi ba. Can gara ribit na monel, wani gaurayen ƙarfe mai jure gishiri, ko a ɗan gusar da abin a yi sabuwar huda. Kar dai a jera ramuka kusa da juna a layi ɗaya a kewayen sandar, nan take karyewa.

Kuma in ba Baba haƙƙinsa: dabarar ɗiga walda a kan noti tana aiki sosai a kan sukuru mai kauri, don zafin yana shiga sukurun kai tsaye na ɗan lokaci. Sharaɗin shi ne a sauke sandar a ƙasa, a zare wayoyin fitila da na rediyo da igiyoyin da ke cikinta. A kan jirgi, kusa da faiba da tankin mai, ban yarda ba.

Baban Walda, Kaduna: Yau kuma an tuna da tsoho. Na gode, 'yata.

Sani Mai Janareta, Legas: Ya fito, bakin hagun ne ya ɗauko shi. Amma ga sabuwa. Na koma kan daɓen jirgin na cire gindin sandar shinge ɗaya. Notocin na ƙasa, sai da yaro ya shiga cikin kabad ya riƙe. Da bol ɗin ya fita sai wani ruwa mai launin shayi ya biyo shi, yana wari. Na zura waya cikin ramin, sai na ji taushi, ta fito da baƙin abu kamar ruɓaɓɓen katako. Ba faiba ce zalla ba ashe?

Injiniya Hauwa, Southampton: To, yanzu ka iso ainihin aikin. Sukurorin can wasa ne.

Daɓen yawancin jiragen nan hawa uku ne: faiba a sama, faiba a ƙasa, a tsakiya katakon balsa mara nauyi, wani wurin falanki ko soso mai tauri. Haka ake samun ƙarfi ba nauyi. Amma duk ramin bol ƙofa ce zuwa ga katakon. Gam ɗin da aka sa tun farko ya bushe, sandar shinge kuma kullum ana kama ta ana jijjigawa, ruwa ya riƙa bin bol yana tsuma balsar. In ta ruɓe, fatun biyu ba abin da ke tsakaninsu, ka ɗaure noti sai daɓen ya lotsa, gam ya sake buɗewa. In ka ɗora sabon ƙarfe a haka, ka yi wa maigidanka kwalliya ne kawai. Kuma ka tuna aikin shingen nan: shi ke tare mutum kar ya faɗa ruwa.

Ɗauki ƙotar sukudireba ka bi kewayen kana ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya yana amsawa da kaifi, ruɓaɓɓe yana amsawa a dushe. Zagaye shi da fensir mu ga faɗinsa.

In bai wuce tafin hannu ba, ga magani. Faɗaɗa ramin ta sama kawai, na bol mai milimita 6 ka kai shi milimita 12 ko fiye, ka bar fatar ƙasa. Lanƙwasa ƙusa ka ɗaura a dirila, ka zura ta kwashe katakon da ke kewaye a ƙarƙashin fatar. Zuƙe dattin, ka bari ya bushe sarai. Toshe ƙasa da salatif, ka fara shafa ifoksi, gam ɗin nan mai haɗi biyu, tsararo ya jiƙa katakon, sannan ka cika da wanda aka kaurara da garin silika. In ya daskare ka sake huda ramin 6 a tsakiyarsa. Yanzu bol ɗinka cikin ifoksi yake wucewa, ko ruwa ya shiga ba zai ga katako ba, kuma noti ba zai iya matse wurin ba. Kar ka cika babban rami a zubi ɗaya da tsakar ranar Legas, ifoksi yana ɗaukar zafi da kansa, ya yi kumfa ya tsage.

In kuwa fensir ɗinka ya zagaye rabin daɓe, wannan yanka fata ne da sauya katako, ka gaya wa maigida gaskiya ya nemo mai aikin faiba.

Mallam Awudu, Tema: Wajen gam kuma ka sa 3M 5200, ka huta har abada.

Usman Bahar, Bur Sudan: Har abadan nan ita ce matsalar, ya Awudu. 5200 manne ne na dindindin, an yi shi don abin da ba za a sake rabawa ba. Ƙarfen daɓe kuwa dole wata rana a cire shi. Na ga inda aka ɗaga ƙaho ya taso da fatar jirgin a jikinsa. In gam na bututu kake so, Sikaflex 291 ko 3M 4200 sun isa.

Mallam Awudu, Tema: Mu nan jiragen kamun kifi muke yi, abin da muka ɗaura ba ma son ya sake motsi. Ban ga laifinsa ba.

Injiniya Hauwa, Southampton: Bol ne ke riƙewa, Mallam, gam aikinsa tare ruwa kawai. Ni butil nake sawa, wani gam na roba mai danƙo wanda ke zuwa a naɗe kamar tef. Ba ya bushewa, yana bin motsin ƙarfen, bayan shekaru ka cire abinka salin alin. Inda ba na sa shi: ƙasan ruwa, da kusa da bakin tankin mai, don dizal da fetur suna narkar da shi. Ko wanne ka zaɓa, Sani, ka ɗan fafe bakin ramin ta sama ya yi kamar mazurari, gam ya taru a nan ya zama zobe a wuyan bol. Wajen ɗaurewa mutum ɗaya ya riƙe bol a sama kar ya juya, a ɗaure noti daga ƙasa. In bol ya juya ya yage zoben. Kuma kar ka sa gam ta ƙasa. In yana yoyo gara ya ɗigo maka a ka ka sani, da ya tsaya a ciki yana cin katako.

Idi Bakanike: Silikon na masu gilashi fa? Shi ne ko'ina akwai, ga araha.

Usman Bahar, Bur Sudan: Ba ya kama faiba da kyau, kuma inda ya taɓa, wani gam ko fenti ba ya sake zama sai an kankare da wahala. Bar shi a taga.

Sani Mai Janareta, Legas: Na ƙwanƙwasa, wuri biyu ne suka amsa a dushe, kowanne bai kai tafin hannu ba. Alhamdu lillahi. Saura sayen sababbin bol. A kasuwa kowa cewa yake nasa sitenles ne na asali. In tafi da maganaɗisu?

Dokta Bello, Zariya: Tafi da shi, amma ka san iyakarsa. In ya manne da ƙarfi, ajiye musu kayansu. In bai kama ba ko ya ɗan ja kaɗan, sitenles ne, sai dai bai gaya maka wane iri ba. Duba kan bol ɗin: A2 shi ne sitenles mai lamba 304, A4 shi ne mai lamba 316. Na biyun yana da molibdinam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ke sa ya jure gishiri. A4-70 ko A4-80 za ka nema. Tsofaffin kuma kar ka mayar ko da kansu na sheƙi. Sitenles da iska yake kare kansa, sashen da ya shekara cikin jiƙaƙƙen katako ba iska yakan cinye ta ciki. Kar kuma a sayar maka da sukurun tagulla na kafintoci, gishiri yana zuƙe tutiyar da ke cikinsa ya bar shi yana marmashewa.

Idi Bakanike: Wajen mayarwa a sandar ya shafa giris mai jan ƙarfe, ba zai sake kafewa ba.

Injiniya Hauwa, Southampton: Idi, yau ka sha ƙi a hannuna, ka yi haƙuri. Jan ƙarfe a kan alminiyam cikin gishiri ya fi sitenles ɓarna, haka ma giris mai girafayit. Abin da ake sawa Tef-Gel ne ko Duralac, man shafawa masu hana ƙarafa biyu cin juna. In babu, lanolin, man ulun tumaki, yana yi. A shafe zaren duka da ƙarƙashin kan, a kuma sa siririyar roba tsakanin ƙarfen da sandar. Notin sitenles a kan bol na sitenles shi ma a shafa masa, a ɗaure da hannu a hankali. In ka sa masa inji yana iya cijewa tun bai kai ƙarshe ba, sai yanka.

Idi Bakanike: Ba komai Hajiya, karatu muke kyauta.

Sani Mai Janareta, Legas: Abu na ƙarshe. A ƙasan ƙahonnin ƙananan washa kawai na tarar, har sun nutse cikin faibar. In ƙara masu faɗi?

Usman Bahar, Bur Sudan: Faranti za ka sa, guda ɗaya da zai ɗauki duk bol ɗin. Ƙahon ɗaure jirgi shi ke shan fizga in igiyar ruwa ta taso. Kuma yau kafin ka tashi ka rufe duk ramukan da salatif mai kyau, hadarin Legas ba ya sallama.

Baban Walda, Kaduna: Wannan kam fannina ne. Samo falan sitenles mai kaurin milimita 3 ko 4, ya fi gindin ƙahon faɗi da yatsa biyu ta kowane gefe. Ka zagaye kusurwoyin da giranda, ka kashe kaifin bakin, in ba haka ba shi zai tsaga faibar. Ƙasan daɓe ba ya zama lebur, don haka ka shafa ifoksi mai kauri a bayan farantin ka danna shi ya zauna ko'ina, ka shafa wa bol ɗin kakin kyandir kar ya manne. Ramukan kuma kar ka auna da tef, ɗora ƙahon a kan farantin ka huda ta cikinsa. Turo min awon gindin in gaya maka girman da za a yanka.